Yadda za ku gina wasan kwamfuta na wasa ƙwaƙwalwa a rukuninku

Idan aka haɗa ku rukuni aka ce ku ƙirƙiro wasan bidiyo na wasa ƙwaƙwalwa, irin wanda mai wasa ke ganin komai da idon wanda ke cikin wasan, ga abin da nake fara gaya wa ɗalibaina: ku ajiye labari tukuna, ku nemo dabara guda ɗaya tak.

A 2005 wasu ɗaliban DigiPen, makarantar da ke Redmond a jihar Washington ta Amurka, suka yi wasan Narbacular Drop. Dabararsu ba ta wuce wannan ba: ka buɗe ƙofa a wannan bango, ka buɗe wata a wancan, ka shiga ta nan ka ɓullo ta can. Kamfanin Valve ya ɗauke su aiki, daga nan wasan Portal ya fito a 2007. Wasu ɗaliban makarantar kuma suka yi Tag: The Power of Paint, inda koren fenti ke sa ka tsalle, ja ya ƙara maka gudu, shuɗi ya ba ka damar taka bango. Wannan tunanin ya shiga Portal 2 a 2011. Idan ba ku iya faɗin dabararku a jimla ɗaya ba, to ba ku same ta ba tukuna.

Kan manhajar da za ku gina wasan da ita kada ku ɓata mako guda kuna gardama. Godot kyauta ce kuma ba ta da nauyi, Unity da Unreal ma suna yi. Ku zaɓi wadda kwamfutar mafi rauni a rukunin za ta iya ɗauka. Ku fara amfani da Git, manhajar da ke adana duk sauyin da kuka yi wa aikinku, tun ranar farko, na taɓa ganin aikin wata biyu ya salwanta a filas ɗaya.

Ɗakunan farko na wasan ku gina su da akwatuna masu launin toka, babu ado ko kaɗan. Mai zane zai ƙosa ya buɗe Blender, manhajar zana siffofin cikin wasa, ku ba shi haƙuri. Ɗaki na ɗaya ya koya wa mai wasa dabarar ba tare da rubutu ba, na biyu ya gwada ko ya gane, na uku ya juya masa ita ta inda bai zata ba.

Sai gwaji, nan ne na fi damuwa. Ku kira wanda bai taɓa ganin wasan ba, ku zaunar da shi, ku yi gum. Zai tsaya minti biyar yana kallon bangon da ba komai a kansa, bakinku zai yi ta ƙaiƙayi. Kada ku ce uffan. Ku rubuta inda ya maƙale da inda ya fara kallo, domin a irin wannan wasa idonsa ne kyamara, abin da bai juya ya gani ba kamar babu shi ne. Gyaran sau da yawa haske ne a kan ƙofar, ko launi daban a kan maɓallin. Ku kuma tambaye shi ko ya ji jiri; in ya ji, ku rage girgizar kyamara, ku ba shi damar faɗaɗa abin da yake gani.

Saura mako biyu a gabatar da aikin, ku daina ƙara sabon abu. Ɗaki biyar da ke aiki daga farko har ƙarshe sun isa, sauran kwanakin ku ƙarar da su kan gyaran kurakurai da sauti.