Kurakuran da na gaji da gani a hanyar Mae Hong Son

Sau huɗu ke nan ina kama hanyar zagaya duwatsun arewacin Tailan, daga Chiang Mai zuwa Pai, a wuce Mae Hong Son, a gangaro Khun Yuam da Mae Sariang, a dawo inda aka taso. Zagayen kusan kilomita 600 ne. Tun da aka san ina yawan zuwa, duk wanda ya gama sarin kayansa a Bankok ya samu 'yan kwanaki sai ya kira ni neman shawara. In ba shi, ya ce to, ya je ya yi abin da na hana. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko wani zai ji.

Zan fara da birki, domin shi ne ya kusa raba ni da duniya.

A zuwana na farko na yi hayar babur maras giya, irin wanda totur kawai kake murɗawa ya tafi. Shi ne ya cika shagunan haya a Chiang Mai, kuma a cikin gari ba shi da laifi. Na ɗauki abokin tafiyata a baya, muka hau Doi Inthanon, dutse mafi tsawo a ƙasar, mita 2,565. Muka ga tagwayen hasumiyoyin da aka gina wa Sarki Bhumibol da matarsa Sirikit, muka sha shayi, muka juyo. Daga ƙololuwa zuwa Chom Thong gangara ce ta fiye da kilomita 40. Na riƙe birki tun daga sama, ban saki ba. Can sai na fara jin ƙauri kamar na roba a wuta. Na ɗauka daga wata mota ne. A kwana ta gaba na matse birkin gaba, sai na ji ya tafi laɓas har ya taɓa hannun babur, ba abin da ya kama. Na tuna na ce wa na bayana, "Alhaji, riƙe ni da kyau, birki ya tafi." Na karkatar da kan babur zuwa jikin tudu, ba wajen rami ba. Da abin da Allah Ya cece mu ke nan. Ni na karye a wuyan hannu, shi kuma fatar gwiwarsa ta saɓule.

Daga baya wani makanike ya fahimtar da ni abin da ya faru. Babur maras giya, idan ka saki totur gudu ya ragu, inji yana rabuwa da taya, sai ya zama kamar keke a gangara, duk nauyin ya koma kan birki. Faifan birki ya yi ta zafi har man birkin ya tafasa, ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse komai. Wanda ya san Hawan Kibo ya san yadda direbobin manyan motoci ke saukowa da ƙaramar giya suna tafiyar hawainiya. Dokar ɗaya ce, sai dai a nan gangarar ta fi tsawo, kwanonin sun fi matsi.

Ga abin da nake yi yanzu, ko da wasu za su ce na cika tsoro. Ba na karɓar babur maras giya don hawan dutse. Ina neman mai giya huɗu irin Honda Wave, wanda tuƙinsa ɗaya ne da roba-robar da muka saba da ita a gida, in sauko a giya ta biyu. Ba na goyon kowa, kowa ya hau nasa. Duk bayan kilomita biyar ko shida na gangara sai in tsaya, in kai tafin hannu kusa da faifan ba tare da na taɓa ba. In na ji hucinsa, in zauna minti goma. Na ga 'yan ƙasar suna watsa wa faifai ruwa, ni ba na yi, don ƙarfe mai zafi yana iya lanƙwashewa. Idan kuma ku uku ne ko huɗu, ku haɗa kuɗi ku ɗauki mota, ku sa ta a ƙaramar giya in za ku sauka.

Wannan haɗarin ya jawo min asara ta biyu da ta fi karayar ciwo. Ina da inshorar tafiya, amma da na kai musu takardun asibiti sai suka nemi lasina. Lasin ƙasa da ƙasa da nake riƙe da shi na mota ne, babu hatimin babur. Suka ce ba su da alhakin ko sisi. Kuɗin da na ware don ƙarasa sarin kaya su suka tafi a asibiti da gyaran babur. Mai shagon haya ba zai tambaye ka lasi ba, kuɗinsa yake so. 'Yan sanda kuwa suna kafa shinge a cikin Chiang Mai, su tare baƙi su ci su tara, amma tarar ƙaramin abu ce idan aka kwatanta da kuɗin gadon asibiti. Ka gyara lasinka tun daga gida. Kuma kada ka bar fasfonka jingina a shago, ka ba da kwafi da kuɗin ajiya, ka ɗauki bidiyon babur ɗin ta ko'ina a gaban mai shi.

A hagu ake tuƙi. Mu tun 1972 muka koma dama, hannu ya riga ya saba. Ba a tsakiyar tafiya ake mantawa ba, sai lokacin fitowa daga gidan mai ko bayan an tsaya ɗaukar hoto, titi ba kowa. Ni ƙyalle ja nake ɗaurawa a madubin hagu.

Sai masu auna hanya da kilomita. Mutum ya duba waya ya ga Chiang Mai zuwa Pai kilomita 130 da 'yan kai, ya ce ai bai kai Kano zuwa Zariya ba, ya tashi bayan la'asar. Hanya mai lamba 1095 tana da kwana 762, har a jikin riguna ake buga adadin ana sayarwa a kasuwar Pai. Motar haya tana cin awa uku, kai baƙo za ka ci huɗu ko fiye. A lokacin sanyi ƙarfe shida rana ta faɗi, sai hazo, sai karnuka kwance a kan kwalta. Ban taɓa yin zagayen a ƙasa da kwana shida ba, kuma ko'ina zan kwana ina son azahar ta same ni kusa da garin. Mai saurin amai a mota ya sha maganinsa kafin a tashi, ya zauna gaba.

Yanzu ruwan zafi. A nan ma na ga abin da har yau idan na tuna sai jikina ya yi yar.

Yawancinmu idan aka ce maɓuɓɓugar ruwan zafi, Wikki ta Yankari ke zuwa mana a rai, ruwa mai ɗumi kamar digiri 31, yara na iyo a ciki. Na Tailan ba haka suke ba. A Tha Pai, kusa da garin Pai, ruwan da ke fitowa daga tushe yana kai wa digiri 80. Yana gangarowa ne daga tafki zuwa tafki yana hucewa, sai can ƙasa ake shiga. A San Kamphaeng, gabas da Chiang Mai, ƙwai ake sayarwa a ƙananan kwanduna, ka rataya a ƙugiya cikin ruwan, 'yan mintoci ya dahu. A Pong Dueat kuwa tsartuwa yake yi sama daga ƙarƙashin ƙasa.

Zuwana na uku na tafi da ɗan yayana, saurayi ɗan shekara ashirin. Muka isa Tha Pai da sassafe, tururi ya rufe bishiyoyi, warin farar wuta kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ina ɗaure igiyar takalmi, shi ya riga ya haura sama. Ruwan garai-garai yake, kana ganin tsakuwar ƙasa, ba alamar tafasa a fuskarsa. Sai na ji ihu, "Kawu! Kawu!" Ƙafa ɗaya ya tsoma zuwa idon sawu, bai fi ƙiftawar ido ba. Kafin mu isa wurin famfo fatar ta yi bororo. Na riƙe ƙafar a ƙarƙashin ruwan sanyi minti ashirin cur, yana kuka yana cewa in bari. Wani cikin 'yan tafiyarmu ya ciro man goge baki zai shafa, na daka masa tsawa. Ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba gishiri, ba ƙanƙara. Ruwan sanyi mai gudu, a rufe da tsumma mai tsabta, a nufi asibiti. Lambar motar asibiti a Tailan 1669 ce, ta 'yan sandan da ke kula da baƙi 1155. Tafiyar ta ƙare a nan, kuma har yau tabon yana ƙafarsa. Ni na kai shi, ni ne ban yi masa bayani tun a mota ba, da wannan nauyin na koma wurin mahaifinsa.

Saboda haka ka fara daga tafkin ƙasa, inda ka ga mutanen gari zaune. Ka karanta allon da ke nuna zafin kowane tafki. Kada ka saki hannun yaro. Ni minti goma nake yi in fito in sha ruwa, kuma ba na hawa babur sai na huta rabin awa, don ruwan yana sakin jiki har ido ya riƙa lumshewa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tsaya ga tsoma ƙafa. Wanda yake son ruwa mai sauƙi irin na Wikki, ya nufi Sai Ngam a hanyar Pai zuwa Soppong. Ka cire zoben azurfarka, farar wuta tana mayar da shi baƙi.

Akwai halin da ke ba ni kunya, dole in faɗa. Wuraren ibadar mabiya Buddha ba wurin wasan kwaikwayo ba ne. Na ga ɗan uwanmu a Wat Phra That Doi Suthep, bayan ya hau matakala sama da 300, ya juya wa mutum-mutumin Buddha baya yana magana da ƙarfi a waya, yana dariya yana nuna wa mabiyansa, ga tsofaffi durƙushe suna ibadarsu. Haba malam! Idan baƙo ya shigo masallacin unguwarku da takalmi yana ɗaukar masu sujada yana ƙyalƙyala dariya, me za ka yi masa? Ba wanda ya ce ka rusuna ko ka kunna turare. Ni ban taɓa yi ba, ba kuma wanda ya taɓa harara ta a kan haka. Amma aya ta 108 a Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa. In zuciyarka ba ta natsu da shiga ba, tsaya a farfajiya ka kalli gini. Wat Chong Kham da Wat Chong Klang na Mae Hong Son ma daga bakin tafki suka fi kyan gani da yamma, da rufinsu hawa-hawa irin na mutanen Shan. In kuwa ka shiga, cire takalmi, tsallake dokin ƙofa kada ka taka, kada ka miƙe ƙafa tana fuskantar mutum-mutumin ko wani mutum, kada ka dafa kan kowa ko da yaro ne. Mata kada su taɓa sufayen nan masu lulluɓin ruwan goro, ko su miƙa musu abu hannu da hannu. Tufafinmu na gida sun wadatar, kafaɗa da gwiwa a rufe ake so. Haka nan a ƙauyukan matan Kayan masu zobban wuya, waɗanda yaƙi ya koro daga Bama, a nemi izini kafin a ɗaga kyamara.

Maganar sarki kuwa, rufe bakinka gaba ɗaya. Sashe na 112 na dokarsu yana kai wanda ya ɓata sunan sarki kurkuku shekara 3 zuwa 15.

Kada ka je tsakanin Fabrairu da Afrilu. Lokacin ƙone gonaki da daji ne, hayaƙi yana cika kwaruruka, ya fi hazon hunturunmu cutarwa, duwatsun ma ba za ka gan su ba. Ranakun Songkran, bikin sabuwar shekararsu, 13 zuwa 15 ga Afrilu, ana watsa wa masu babur ruwa, haɗari ya yi yawa. Da damina kuma ƙasa tana zaftarewa kan titi. Ni Nuwamba na fi so, lokacin da furen Bua Tong ke mayar da tudun Doi Mae U Kho rawaya kusa da Khun Yuam. Amma ka tafi da rigar sanyi mai kauri da safar hannu, don a Disamba da Janairu raɓa tana daskarewa a saman Doi Inthanon.

Katin rigakafin shawara, a tafi da shi, ana nemansa daga wanda ya fito daga Najeriya. Shekarar da ke jikin takardu da kwalin abinci ta kalandarsu ce, ka cire 543. Idan tanki ya kai rabi, sha mai a gidan mai na farko. Kogon Tham Lod da ke kusa da Soppong kuma a je shi dab da magariba, lokacin da tsuntsaye ke tururuwar komawa ciki.

Abinci shi ne abin da ake raina wa tanadi. Naman alade yana cikin romo, cikin mai, har cikin burodi. Kalmarsa "mu", don haka cewa "mai sai mu" tana nufin kada a sa, amma ba ta canza romon da aka riga aka dafa. A Chiang Mai ba matsala. Ka je masallacin Ban Ho kusa da kasuwar dare, na Musulmin da kakanninsu suka zo fatauci daga Yunnan ta ƙasar Sin. A layin akwai masu sayar da khao soi na halal, taliya ce cikin miyar kwakwa da kaza ko naman sa, ranar Juma'a da safe kuma kasuwa ke ci a wurin. Pai ma tana da masallaci a tsakiyar gari da masu abinci kewaye da shi. Daga nan ne wuraren ke yin ƙaranci. Ni a Ban Ho nake cika jaka kafin in kama hanya, dabino, gyaɗa, kifin gwangwani mai tambarin halal, da garin rogo da na taho da shi daga gida. A ƙauyuka kuma in sayi shinkafarsu mai danƙo da dafaffen ƙwai da ayaba, in nemi inuwa a gefen titi in shimfiɗa darduma in yi ƙasaru.