Darasi na Bakwai: Kifi Mai Takobi a Wutsiya

Tarwaɗa ƙwai take sakawa a ruwa. Karfasa ma haka, har uwar kan riƙe ƙwan a bakinta sai sun ƙyanƙyashe. Amma akwai wani ɗan kifi da ke haihuwa, shi ne kifi mai takobi a wutsiya. Ƙwansa a cikin uwa yake ƙyanƙyashewa, 'ya'yan su fito da rai, nan take su kama iyo.

Asalinsa kogunan Meziko ne da Gwatamala da Beliz da Honduras. A shekarar 1848 wani masanin kifi mai suna Heckel ya rubuta bayaninsa. A kogi launinsa kore-kore ne, da jan layi a gefe. Jajayen da ake sayarwa don ado, masu kiwo ne suka samar da su.

Ku matso kusa da akwatin gilashin da ake kiwonsa a ciki ku duba wutsiyarsa. In ka ga ƙasan wutsiyar ya miƙe siriri kamar takobi, namiji ne. Ba ya sara da shi, ado ne kawai, kuma matan sun fi son mai dogon takobi. Mace ba ta da shi, amma ta fi jiki, takan kai santimita 16.

Cikinta yakan yi kamar wata guda. Idan haihuwa ta kusa, cikin zai cika tim, baƙin tabon da ke bayansa ya ƙara duhu. Takan haifi 20, wani lokaci fiye da 100. Abin mamaki, ko an cire namiji, tana iya sake haihuwa, domin tana ajiye maniyyinsa a jikinta.

Nan ne mai kiwo zai buɗe ido. Uwar ba ta san reno ba. Tana haihuwa za ta iya juyowa ta haɗiye ɗan da ta haifa yanzun nan, sauran manyan ma su bi sahu. Ni a ganina asara ce a yi wata ana jira, a wayi gari ba ko ɗaya. Don haka a zuba ciyawar ruwa mai yawa inda ƙananan za su ɓuya, ko a kwashe uwar da zarar ta gama.

A haɗa namiji ɗaya da mata biyu ko uku, kada ya gajiyar da guda. A rufe saman akwatin, don yana da tsalle. Ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana kafin a zuba. Kifin yana cin 'ya'yan sauro da ƙananan ƙwari da ganye.

In sun yi maka yawa, ka ba maƙwabci, kada ka zuba su a rafi. A Ostareliya da Afirka ta Kudu an sake su, suka yaɗu suna takura wa kifayen wurin.

Aikin gida: Zana namiji da mace, ka rubuta sunan kowanne a ƙasa. Sannan ka rubuta jimla biyu kan yadda za ka kare ƙananan.