Don Allah a daina jona hita a jikin ekstenshin

Salamu alaikum 'yan uwa, tunda sanyi ya shigo kowa ya ɗauko hitar ruwansa, bari in ɗan ja hankalinmu. Filogin nan mai ƙafa uku da muke amfani da shi fiyus ɗinsa amp 13 ne, da wutarmu ta bolt 230 kusan wat 3000 ke nan iyakarsa, kuma wannan lissafin na ekstenshin ɗin ne gaba ɗaya ba na kowane rami ba. To hita kaɗai sai ta ci wat 1500 ko 2000, ka ƙara dutsen guga ga firiji ga cajar yara, ina zai kai? Ballantana masu arahar nan da in ka feɗe wayar za ka ga 'yan silin ƙarfe sirara, wani ma ba jan ƙarfe ba ne, rini ne kawai.

Hita, ayan, hotfilet, kai tsaye a soket ɗin bango. Ki riƙa taɓa filogin in yana aiki, in ya yi zafi ko bakin ramin ya yi baƙi ko kin ji ƙaurin roba, a cire a jefar, ba gyara.

Masu cusa tsirarar waya da tsinken ashana, da masu naɗe fiyus da takardar taba in ya ƙone, wallahi ku bari, fiyus ɗin ya ƙone ne don kada wayar ta kama. Sannan in an ɗauke wuta a kashe komai kafin a kwanta, don ƙarfe biyun dare ake maidowa hita tana cikin bokiti ruwa ya ƙafe.