Babi na 6: Yadda Ake Rage Jijjigar Babur

Wannan babi na masu babur ne, na haya ko na hawan kai. Da yawanku kun faɗa mini a aji cewa in kun wuni a kan babur, kafin magariba hannu ya mutu, yatsu suna tsira kamar ana soka allura. Na gani da idona. Akwai wani dattijo a ajinmu na yamma da yakan zauna ya yi ta murza tafin hannunsa a cinya kafin ya iya riƙe fensir, kuma in ya rubuta harafi sai ka ga layin ya karkace. Ba tsufa ba ne ya jawo masa, jijjigar baburinsa ce. Shi ya sa na sa wannan darasi a littafin.

Ku sani tun yanzu, babu babur ɗin da ba ya jijjiga. A cikin inji akwai fistan da ke hawa yana sauka sau dubbai a minti ɗaya, kuma irin su Boxer da Jincheng fistan ɗaya gare su. Hatta manyan baburan nan na Amurka masu faffaɗan kai da kujera ƙasa-ƙasa, irin Harley-Davidson da ake ƙerawa tun 1903, suna rawa sosai in suna tsaye a kunne, har kamfanin ya ɗora injin da yawa daga cikinsu a kan robobi don jijjigar kada ta isa jikin mahayi. Saboda haka rage ta za mu yi. Wadda za mu nema ita ce jijjigar da a da babu ita, yanzu ta zo.

Darasi na 1: Kayan aiki da karanta lambarsu

Ka tanadi sifana guda biyu. Biyu na ce, ba ɗaya ba, za ka ga dalili nan gaba. Sai tsumma, da sukuddireba, da ɗan kwano na zuba noti don kada ya ɓace a cikin ƙasa.

Ɗauki sifana ka duba kusa da bakinta. Akwai lamba a rubuce. Lambar nan faɗin kan notin da za ta kama ne. Waɗanda za ka fi buƙata su ne 10, 12, 14 da 17. Karanta daga hagu zuwa dama. In ka ga 1 sannan 2, sha biyu ke nan. In ka ga 1 sannan 4, sha huɗu ke nan. Rubuta su sau biyar-biyar a littafinka kafin ka taɓa babur. In lambar ta yi maka kama da wani abu daban, wataƙila ka riƙe sifanar a kife ne, juya ta.

Sifanar da ta dace takan zauna daram a kan noti, ba ta wasa. In tana girgiɗi, ta yi girma, sauya. Mai zobe ta fi mai buɗaɗɗen baki riƙo. Kada ka kama noti da filaya, cinye masa kai za ta yi.

Darasi na 2: Daga ina jijjigar take?

Kada ka kwance komai tukuna. Ɗora babur a kan jak na tsakiya, mai ƙafa biyu, a wuri mai tauri. Sa giya a firi, ka tayar da inji. Ɗora hannu a kan tanki, ka taɓa kan babur, wato inda ake riƙewa a tuƙa, ka taɓa wurin ɗora ƙafa. Ban da salansa, tana ƙuna. Murɗa totur a hankali, ka saurara. In jijjigar tana nan alhali babur bai motsa ba, daga inji take ko daga abin da ke riƙe da shi.

In a tsaye lafiya lau, hau ka nemi hanya mai kyau wadda babu cunkoso. Yi gudu har ka kai inda jijjigar ke fara damunka. Nan sai ka kama kuloci ka saki totur, babur ya ci gaba da gangarawa da kansa. In jijjigar ta ɗauke, inji ne. In tana nan, ka koma wajen taya da sarƙa.

Darasi na 3: Ɗaure ƙusoshin inji

Wannan shi ne babban darasi, kuma a nan ne kusan kowa ke tuntuɓe. Kada ka yi sauri. Sannu ba ta hana zuwa.

Inji ba a manne yake da jikin babur ba. Dogayen ƙusoshi ne masu noti ke riƙe da shi, wasu ta gaba, wasu ta baya, a wasu baburan har da ta sama kusa da kan inji. Ramukan hanya da lodi suna sassauta su a hankali. In ɗaya ta yi sako-sako, injin sai ya riƙa bugun jikin babur, kai kuma kana jin bugun a hannu da ƙafa.

Kashe inji, zare makulli, ka bari ya huce. Ya huce sosai, har ka iya ɗora tafin hannu a kansa ka bar shi. Na ga saurayin da ya zura hannu ta gefen salansa minti biyu bayan ya sauka, fatar gwiwar hannunsa ta saɓule, ya yi mako uku bai fita aiki ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Tsuguna a gefen babur. Goge ƙasa da maiƙo da tsumma har ka ga kan ƙusar da kyau. Yanzu bi ta da ido: ta shiga ta wannan gefe, ta ratsa, ta fito ta wancan gefe. Tashi ka zagaya ka ga inda ta fito. A can akwai noti. Ƙusa ɗaya ce, amma bakinta biyu: kai a nan, noti a can.

To, ga wurin kuskuren. Mutum sai ya sa sifana ɗaya a gefe ɗaya ya yi ta juyawa. Yana juyawa, ƙusar da notinta suna juyawa tare, babu abin da ke ɗauruwa. Dattijon nan da na ambata ya yi kusan minti goma yana juyi, gumi na zuba, ya ɗago ya ce mini, "Malam, wannan ƙusa ba ta da ƙarshe." Na ce, "Baba, leƙa wancan gefen ka gani." Ya leƙa, na juya masa, ya ga notin yana bin ƙusar. Daga ranar bai sake mantawa ba.

Saboda haka sifana biyu. Ta farko ka sa a kan ƙusar ka riƙe gam, kada ta motsa. Ta biyu ka sa a kan noti, ita ce mai juyawa. Ɗaya tana riƙo, ɗaya tana juyi. Faɗi da bakinka: ɗaya riƙo, ɗaya juyi. In hannunka bai kai ba, kira yaro ya riƙe maka ta farko. Ba abin kunya ba ne, bakanike ma yana da yaran gareji.

Wane gefe za ka juya? Tuna murfin jarkar mai. Yadda kake juya shi in za ka rufe, haka ake ɗaure noti. Gefen da hannun agogo ke bi ke nan. Amma ka kula, sai kana fuskantar notin ido da ido wannan ƙa'ida ke aiki. In ka tsaya a ɗaya gefen ka miƙa hannu ta ƙarƙashi, lissafin zai juye maka, ka kwance abin da ka zo ɗaurewa. Zauna a gefen da notin yake, ka dube shi, sannan ka juya kamar rufe jarka.

Mu sake daga farko. Inji a kashe, ya huce. Ka goge. Ka gano kai, ka gano noti. Sifana ta farko a kan ƙusa, riƙo. Sifana ta biyu a kan noti, juyi. Kana fuskantar noti. Kamar rufe jarka. In ka ji yana ta tafiya ba ya ƙara tauri, tsaya, duba hannunka na riƙo, ƙila ya saki. In riƙon yana nan daram amma notin bai kama ba, zarensa ya cinye, sai sabo.

Ka yi daidai in ka ji juyin yana ƙara nauyi a hannunka har ya tsaya. Da ya tsaya, ƙara ɗan ja kaɗan da ƙarfin hannu, shi ke nan. Da ƙarfin hannu na ce. Kada ka taka sifana da ƙafa, kada ka zura mata bututu don ƙarin ƙarfi, kada ka buga ta da dutse. Sau nawa zan faɗi wannan? A kowane aji sai an sami mai ganin ƙarfi shi ne gwaninta, ya karya ƙusa a cikin inji, aikin da ba ya cin ko sisi ya koma na mai walda. Kun girme ni da yawanku, ina ganin girmanku, amma a kan wannan ba zan yi shiru ba. Wanda ya karya ƙusa bayan ya karanta wannan shafi, shi ya so.

In ka gama da ɗaya, koma ta gaba. Ƙirga su, ka rubuta adadin a littafinka don kada ka tsallake wata. In ka tarar da rami babu ƙusa a ciki, ta faɗi ke nan a hanya, kada ka cusa waya ko ƙusar kafinta. Kwance irinta ka kai wa mai sayar da kayan babur ya ba ka daidai tsawonta da kaurinta, da washa. In baburinka irin manyan nan ne masu roba a mazaunin inji, duba robar. Wadda ta tsage ko ta bushe ta ƙame ba ta ɗauruwa, canji take so. In kuma ka ga tsaga a jikin ƙarfen da ke riƙe inji, kada ka hau sai an gyara.

Da wannan hanya dai za ka bi notocin salansa, da na wurin ɗora ƙafa, da na tanki, da na kan babur. Duk inda ƙusa ta ratsa ta fito, sifana biyu. Na salansa da ke jikin inji ƙanana ne, a hankali ake ɗaure su.

Kafin ka wuce, amsa a littafinka: Sifana nawa ake buƙata? Me ta farko ke yi? Me ta biyu ke yi? In ka kasa, ba komai, koma ka sake karantawa. Wasu sai a karo na huɗu suke kamawa, kuma yanzu su ke koya wa wasu.

Darasi na 4: Sarƙa

Inji a kashe. Sa yatsa a tsakiyar sarƙa ta ƙasa, tura ta sama, ka sake ta. Wasan da za ta yi ya zama kamar santimita 2 zuwa 3, wajen faɗin yatsu biyu. Juya taya ka gwada a wurare uku ko huɗu, domin sarƙa takan fi tauri a wani wuri. Wadda ta yi sako-sako tana dukan murfinta. Wadda aka ja ta yi tauri kamar tsirkiya ta fi illa, tana sa gurnani da jijjiga, tana cin boris, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu. In za ka ja ta, akwai zane-zane a gefe biyu na ƙarfen da ke riƙe tayar baya. Ƙirga su, na hagu ya zo daidai da na dama, in ba haka ba tayar za ta karkace. Notin tayar baya ma ƙusarsa ratsawa ta yi, ka san abin yi. Haƙoran da sarƙa ke bi in sun yi tsini sun lanƙwashe, a canza su tare da sarƙar. Kada ka taɓa sa wa sarƙa mai inji yana aiki, yatsu ake rasawa a haka.

Darasi na 5: Fulogi, iska da mai

Injin da ba ya cin wuta daidai yakan yi tari yana girgiza. Kwance fulogi inji a huce. Bakinsa in ya yi ruwan ƙasa, lafiya. In ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, duba matatar iska, ƙurar hunturu tana toshe ta. Ta soso ana wanke ta da kananzir, a matse, ta bushe, a shafa mata ɗan baƙin mai. Ta takarda ba a wanke ta. Wajen mayar da fulogi, fara da yatsu kafin sifana.

Duba baƙin mai babur yana tsaye daidai. Kusan lita ɗaya ƙananan baburan nan ke sha, kuma lambar da za ka fi gani a jikin robar man ita ce 20W-50. Ka kuma san inda kake shan fetur, gaurayayye yana sa inji rawa. Kafireto da tafet ka bar wa bakanike. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Darasi na 6: Taya

A sa geji a auna iskar taya, kada a auna da dukan yatsa. A irin Boxer, a ma'aunin PSI na geji, gaba 25, baya 28, in da fasinja baya 32. In littafin baburinka ya faɗi wata lamba, bi tasa. Juya taya ka duba ko tana lilo, ko ta kumbura a gefe, ko wayoyinta sun saki. In ka girgiza ta gefe da gefe ta yi ƙwas-ƙwas, boris ne.

Darasi na 7: Tuƙi

Kada ka ja babbar giya kana tafiyar hawainiya, kada ka bar inji yana ihu a ƙaramar giya. Sassauta riƙon kai. Robar hannu in ta cinye a sa sabuwa. In ka yi duk wannan jijjigar tana nan, ko kana jin ƙarar bugu daga cikin inji, kai shi gareji.