Kafin ku sa hannu da kamfanin jirgin waje

Assalamu alaikum 'yan uwa matuƙa jirgin sama, musamman mu da ke tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Na ga maganar komawa kamfanonin Dubai da Doha ta yi yawa kwanan nan.

Ku fara da takardu tun kafin ku nemi aikin. Lasisin NCAA, wato hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ba ya aiki kai tsaye a can, sai hukumar ƙasar ta tantance shi, kuma za su nemi wasiƙar tabbatarwa daga NCAA ɗin. Ku nema da wuri, don takarda a ofis ba ta san sauri ba. Littafin da ake rubuta awoyin da kuka yi kuna tuƙi kuma ku tabbata kamfanin da kuke yi wa aiki ya buga masa hatimi tun kuna shiri da su. In an rabu baram-baram, sai kun yi ta zarya. Mai son Turai ya shirya wa jarrabawa guda 13 na EASA, wato hukumar kula da lafiyar sufurin jiragen sama ta Tarayyar Turai.

Kada girman albashin ya ruɗe ku. A Dubai ba a cire harajin albashi, gaskiya ne, amma a duba: wa zai biya haya da kuɗin makarantar yara? In sun horar da kai a kan sabon jirgi, shekara nawa za su ɗaure ka, nawa za ka biya in ka fita kafin lokaci? Kuma sabon zuwa ƙarshen layi yake komawa, ko ya daɗe a nan. Hutun Sallah ma sai tsofaffin ma'aikata sun zaɓa.

Takardar barin aiki kuwa, kar a miƙa ta sai an ci gwajin lafiya na can.