Yadda na gyara garkata bayan takin doki ya kusa kashe min salati

Bara da sanyi wani maƙwabcinmu mai dawaki ya ba ni baro shida na kashin doki. A bargarsa garin katako yake shimfiɗawa, wanda yake kwasowa wurin kafintoci. Ni kuwa da murnar banza ta samu, na juye shi ɗanye cikin fangulan garkata da ke bakin Gulbin Maradi.

Sati uku, salati ya yi rawaya, tumatir ya tsaya cak. Na ƙara ruwa, a banza.

Wani tsoho da muke iyaka da shi ya damƙi ƙasar ya duba, ya ce, "Ɗana, itacen bai ruɓe ba, shi ke cinye abincin shukarka." Gaskiyarsa. Ƙananan ƙwayoyin halitta da ke ruɓar da katako suna buƙatar sinadarin azot, wanda shuka ma ke ci ta yi kore, in ba su samu a katakon ba sai su janye na ƙasa, shuka ta zauna da yunwa.

Na kwashe abin da zai kwasu, na haƙa rami a inuwa. Shimfiɗar takin doki, sai kashin kaji, sai ɗanyen ganye, ina yayyafa ruwa har ya jiƙe amma ba ya ɗiga in an matse. Na rufe da tsoffin buhuna. Kwana kaɗan cikin ya ɗau zafi, hannu ba ya jurewa. Duk sati biyu ina juyawa, aikin da bayana bai yafe min ba.

Bayan wata huɗu ya koma baƙi, ƙamshin ƙasar damina. Fangulan kuma ɗan ure na ba su, takin zamani mai azot, salatin ya farfaɗo. Tumatir dai sai da na sake dashe.