Yadda nake rainon bishiyar goron Indiya a Zariya

Goron Indiya, wanda masana tsirrai ke kira Areca catechu, ɗan uwan kwakwa ne da dabino. Siriri ne miƙaƙƙe, yakan kai mita 15 zuwa 20. Asalinsa Kudu maso Gabashin Asiya, kuma Indiya ce kan gaba wajen nomansa, musamman jihar Karnataka mai yawan ruwa da laima. Mu nan ruwanmu milimita 1,000 ne da 'yan kai, daga Mayu zuwa Oktoba, sauran shekara sai ƙura. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya cika gona da shi. Wurinsa tsakar gida kusa da rijiya, ko gefen lambu a bakin kogin Kubanni ko Galma. Don ado nake shuka shi, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa taunar ƙwallonsa na jawo cutar daji ta baki.

Iri shi ne babbar wahala. Busasshen da ake sayarwa don tauna ba ya tsira. Ka nemi ɗanye sabon tsinka, wanda ya nuna ya yi ruwan lemo, kada ka ɓare shi. Ka cika leda da yashi da ƙasa da ruɓaɓɓen kashin shanu, ka kafa shi a tsaye, wajen hancin, wato inda aka tsinke shi, na sama, ka rufe da ƙasa kaɗan da ciyawa. Ruwa kullum, kuma a inuwa. Yakan yi wata 2 zuwa 3 kafin ya leƙo, kada ka gaji ka tone.

Dashe sai ya shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, yana da ganye biyar ko fiye. Na fi son watan Yuni, lokacin da damina ta kankama. Rami santimita 60 zurfi da faɗi, tazara mita 2.7. Wurin da ruwa ke kwanciya ka ƙyale shi, saiwar ruɓewa take yi.

Rani ne ke raba mai haƙuri da mai ɗoki. Ranar yamma na ƙona jikin bishiyar har ya tsage, don haka manoman Indiya ke dasa ayaba a tsakani, ni ma haka nake yi, ta yamma da kudu. Da hunturu ya shigo sai in kafa zana ta arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa, in ba haka ba bakin ganyen ya bushe ƙayau. Ban ruwa duk kwana biyu ko uku, a Maris da Afrilu kuwa kullum da yamma. Ka shimfiɗa ciyawa a gindi, amma kada ta taɓa jikin, kuma ka riƙa ɗaga ta kana dubawa, saboda garar Zariya ba ta da kunya.

Taki sau biyu ya isa, farkon damina da ƙarshenta. A ƙasarsa yakan fara 'ya'ya bayan shekara 5 zuwa 8, a nan kuwa ka ƙara masa lokaci.